Damuwa Ba Raunin Imani Ba Ce, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce duk wanda baƙin ciki ya kayar, tawakkalinsa ne ya yi ƙaranci, kuma kula da kai sangarta ce ta Turawa. Ban yarda ba.

Ka manta Annabi Yakubu ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari? Ka manta shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta?

Leƙa ɗakin mai takaba bayan 'yan gaisuwa sun watse. Kunu ya huce a kwano, barci ya ƙaurace mata. Wa'azinka zai ƙara mata nauyi ne.

Abin da take bukata: ta ci ko loma uku, ta ajiye waya da dare, ta zauna a tsakar gida da hantsi, ta amayar wa aminiya abin da ke cinta, ta riƙe addu'a. In damuwar ta zarce mako biyu tana hana ta komai, a kai ta wurin likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware don haka suke.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tausaya, Malam.