Tsadar Wake a Mile 12 da Bodija: Daga Iri Matsalar Ta Fara

Duk mai sayar da hatsi a Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan bai manta da 2024 ba, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, kwanon wake ya gagari talaka. Aka ɗora laifin kan kuɗin mota, da harajin hanya, da 'yan bindigar da suka hana noma. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ba mu cika magana a kansa ba, wato irin da manomi ke zubawa a rami.

Yawancin ƙananan manoman Najeriya ba daga kamfani suke samun iri ba. Ko abin da suka ajiye bara ne, ko na maƙwabci, ko kuma a auno a kasuwa ranar da ruwa ya sauka. To, hatsin ci daban, iri daban. Wanda aka auno a kasuwa gauraye yake, wani ya nuna da wuri, wani ya makara, wani ma ƙwaro ya riga ya cinye cikinsa. Tun ranar shuka an yi asara.

Abin mamaki, ingantaccen iri akwai shi. Cibiyar IAR ta Samaru a Zariya da IITA da ke nan Ibadan sun daɗe suna fitar da shi. A ƙarshen 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, duk da cewa har yau ana muhawara a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, wadda ta tsananta hukunci kan masu jabu. Matsalar ita ce isar irin ƙauye a kan lokaci, a farashin da manomi zai iya.

Nan ne ƙaramin manomi mai noman iri ya shigo. Yana karɓar irin tushe daga cibiya, ya shuka shi a gona ta daban, ya tuge duk tsiron da bai yi kama da saura ba, jami'an hukuma su duba, sannan ya sayar wa mutanen garinsu. Ga wake abin ya dace ƙwarai, don furensa kansa yake yi wa barbara, iri ba ya saurin gaurayewa. Masara mai aure kuwa ba haka take ba, dole duk shekara a sayi sabo. Shi ya sa kamfanoni suka fi son ta, suka bar wake da gyaɗa a baya. Ai ɗan kasuwa inda riba take can yake bi.

Sai dai fa noman iri ba wasa ba ne. Mai shi zai riƙe kaya wata shida ko fiye kafin damina, alhali gida na bukatar kuɗi. In ba jari, sai ya sayar da shi a matsayin hatsi, wahalar ta tafi a banza. Ajiya ma sai da buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba.

Mu da ke Kudu muna da hannu a nan. Duk shekara muna aika kuɗin taki gida, amma wa ke tambayar wane iri aka shuka? Ƙungiyoyinmu na kasuwa sun fi kowa sanin waken da mai saye ke so, fari ne ko ja, manya ne ko ƙanana. Da za su ƙulla da masu noman iri a garuruwansu, su biya wani abu tun kaka, da manomi ya samu jari, mu kuma mu samu kaya iri ɗaya da ba sai an tsince ba. Kafin ruwan bana ya sauka, in ka kira gida, ka tambayi maganar iri.