Daɗin yana ga kafireta

In ka tambayi masu gyara motarsu da kansu don sha'awa wane aiki suka fi jin daɗinsa, da yawa za su ce juyen mai. Ni ban yarda ba. Juye dai larura ce: ka kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye, ka sa sabuwar filta, ka mayar da noti, ka zuba sabon mai, shi ke nan. Daɗin yana ga fulogi da kafireta, musamman a tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Ka zaro fulogi ka dubi bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin, fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat, fetur ɗin ne ya yi kaɗan. Sai ka riƙa murɗa ƙusar kafireta a hankali, kunnenka na kan inji, har karkarwar ta lafa. A motocin yanzu kwamfuta ce ke wannan lissafi, naka kawai jona na'ura ka karanta lambobi. Birki kuwa, duk zaƙewar mutum, in bai ƙware ba gara ya kai gareji.