Masu Kallon Fadar Barsai

Wata ɗabi'a ta shiga matafiya masu zuwa ƙasar Faransa. In sun sauka Paris sai su haɗa ƙungiya ta abokai, su shiga jirgin ƙasa zuwa Barsai, tafiyar mil 12, domin su ga fadar sarakunan dā. Su wuni suna zagayawa baki buɗe, suna ɗaukar hoto, su komo gida ba su da wata magana sai ta zinariya da madubai. Har akan ji mai cewa ai haka ya kamata gidan mai mulki ya zama, ƙasar da ba ta da irin wannan gini ba ta cika ƙasa ba. Wannan magana ɓata ce, kuma mai faɗinta bai ga Barsai ba, bango ya gani.

Ba wanda ya ce gidan ba kyau. Yana da ɗakuna kamar 2,300. Akwai wani dogon zaure da ake kira Zauren Madubai, tsawonsa yadi 80, an jera madubai 357 a bangonsa, suna fuskantar tagogin da ke duban lambu. A zamanin da aka gina shi madubi abu ne mai tsada ƙwarai, mutanen Fenis ne suka ƙware da yinsa, sai da aka yaudaro waɗansu magina madubi daga can tukuna Faransawa suka iya. Duk wanda ya shiga zauren nan da hantsi lalle ya yi mamaki. Amma mamaki ba ilmi ba ne. An ce tafiya mabuɗin ilmi, ba a ce mabuɗin hoto ba.

Asalin wurin fadama ne da kurmi, inda Sarki Luwi na 13 ya yi ɗan gidan farauta a 1623. Ɗansa Luwi na 14, wanda ya yi shekara 72 bisa gadon sarauta, shi ya mai da shi yadda yake, ya ƙaura can da fadawansa duka a 1682. A 1685 ma'aikatan da ke aikin wurin sun kai 36,000. Zazzaɓin fadama ya yi ta kashe su, ga masu faɗowa daga kan gini. Wata mata mai daraja ta zamanin, Madam Sebinye, ta rubuta cikin wata wasiƙarta ta 1678 cewa da dare ake fitar da gawawwakin a cikin amalanke, don kada sauran ma'aikata su tsorata. Ba a kafa ko dutse ɗaya da sunan mutanen nan a zauren ba.

Zancen ruwa ma ya isa a tsaya a kansa. Sarki yana son maɓuɓɓugai masu feshi sama, wurin kuwa ba shi da kogi. Aka gina wata babbar na'ura a Marli mai ƙafafu 14, tana ɗebo ruwa daga kogin Sen tana tura shi kan tudu. Bai isa ba. Aka ce to, a karkato kogin Er daga nesa, aka tura sojoji dubbai su haƙa hanya, ciwo ya kashe da yawa daga cikinsu, yaƙi ya taso a 1688, aka watsar da aikin, ko ɗigo bai iso ba. Daga ƙarshe dabarar da aka yi ita ce, in Sarki ya fito yawo sai masu kula da ruwa su riƙa yi wa juna fito, a buɗe maɓuɓɓugar da ya dosa, a rufe wadda ya ba baya. Watau shi kansa mai gidan ruɗinsa ake yi, balle baƙon da ya zo bayan shekara ɗari uku.

Wa ya biya? Talaka. Babban harajin ƙasar, sarakai da manyan coci ba sa biyansa, a kan manomi yake. Ga harajin gishiri, wanda a waɗansu larduna dole ne kowane gida ya sayi wani mudu a kan kuɗin da Sarki ya yanka, ko yana bukata ko ba ya bukata. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gaskiya ne yaƙe-yaƙen Luwi sun ci dukiya fiye da ginin nesa ba kusa ba, har a 1689 ya sa aka narkar da kujeru da teburan azurfa na fadar aka buga kuɗi don sojoji. Amma girman kan da ya gina gidan shi ne ya jawo yaƙin. A 1693 da 1694 damina ta ɓaci, yunwa da annoba suka kashe mutum fiye da miliyan ɗaya. Baƙar fata kuwa yana da nasa dalili na tsayawa ya yi tunani a ƙofar nan, gama a Barsai ne aka sa hannu a dokar bayi ta 1685, wadda ta ƙidaya bawa a tsibiran rake cikin kayan ubangidansa.

Masu gardama sukan ce, to, ai yanzu ga amfaninsa, mutane miliyoyi suna zuwa kowace shekara suna biyan kuɗin shiga, Faransa tana ci. Haka ne. Sai dai su tuna cewa gidan bai zama na jama'a ba sai da ya daina zama na Sarki. Ran 5 ga Oktoba 1789 matan kasuwar Paris suka tako da ƙafa cikin ruwan sama, mil 12 ɗin nan da matafiyi ke yi a zaune, suna neman burodi. Da asuba jama'a suka kutsa cikin fada, suka kashe dogarai biyu. Matar Sarki ta tsere ta wata 'yar ƙofa da ke ɓoye a bangon ɗakinta, tana nan har yanzu kusa da gadon, amma 'yan hoto gadon suke ɗauka. A ranar aka tasa Luwi na 16 zuwa Paris, bai sāke ganin Barsai ba, aka sare kansa a 1793, aka yi gwanjon kayan gidan. Sai a 1837 aka buɗe shi gidan tarihi. Wanda ya ce a yi koyi da Barsai, sai ya faɗi wane ɓangare yake nufi, ginin ko ƙarshen masu shi.

Abin da ya fi ban haushi shi ne, mutumin Arewa yakan ratsa Zauren Madubai bai san an taɓa yanke hukunci a kan ƙasarsa a ciki ba. A nan ne ran 28 ga Yuni 1919 aka sa hannu a takardar sulhun da ta ƙare Yaƙin Duniya na Farko da Jamus. Cikin sharuɗɗanta har da cewa Jamus ta saki ƙasashen da take mulki a Afirka. Ta haka Kamaru ta rabu tsakanin Faransa da Ingila, ba a tambayi Bafillace ko Bahaushe ko Bamambile ko ɗaya ba. Sai a 1961 aka jefa ƙuri'a, yankin arewa na rabon Ingila ya zaɓi Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ɗan Mubi ko Ganye da ya tsaya yana gyara hularsa a madubin nan, yana tsaye ne a ɗakin da aka tabbatar da fitar ƙasar kakansa daga hannun Jamus, abokan tafiyarsa kuwa suna ce masa ya matsa hagu kaɗan, hasken taga ya ɓata hoton.