Shekara 100 da saukar jirgin sama a Kano: Wa zai ba yaran Kaduna labari?

A watan Nuwamban 2025 ne aka cika shekara 100 cif da saukar jiragen sama na farko a birnin Kano, saukar da ake ɗauka a matsayin mafarin harkar jiragen sama a Najeriya baki ɗaya.

Sai dai har yanzu akasarin wannan tarihi yana ƙunshe ne cikin barikokin soja da kundayen ma'aikatun gwamnati, nesa da idon yaran da ake fatan za su gaji waɗanda suka share fagen.

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Kinkinau da ke Kaduna ya san ƙarar ƙananan jiragen koyon tuƙi da kan taso daga sansanin sojin sama na Mando su riƙa shawagi a saman gari. Ya kuma san yadda yara kan bar wasa su ɗaga kai suna nuni, har sai jirgin ya ɓace musu.

A cikinsu akwai waɗanda kan koma gida su nemi gwangwani da waya da tsohon silifa su harhaɗa nasu jirgin.

Abin tambaya a nan shi ne, idan irin wannan yaro ya so sanin waɗanda suka fara tuƙa jirgi a ƙasarsa, ko ya so ya taɓa fiffiken jirgi na gaske da hannunsa, ina mahaifinsa zai kai shi?

Daga filin sukuwa zuwa Mando

Ranar 1 ga watan Nuwamban 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, wasu jirage uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sun taso ne daga Helwan a ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, kuma daga Kano suka zarce Kaduna kafin su juya.

A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi, cikin ƙasar Ghana ta yanzu, sun bi ta Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Sudan da Masar.

Amma babu inda talakan Arewa ya fi jin tasirin jirgin sama kamar a aikin Hajji. A da, maniyyaci kan yi watanni, wani ma shekaru, yana ratsa Borno da Chadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba, kuma zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Jirgi ya mayar da wannan tafiya ta 'yan sa'o'i.

Bayan samun mulkin kai, shekarar 1964 ita ce ta aza harsashi. A cikinta aka kafa rundunar sojin saman Najeriya da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Kaduna ta zama cibiyar horas da matuƙanta. A shekarar ce aka buɗe makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, aka kuma kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tare da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ICAO.

Ke nan tsakanin Kano da Zariya da Kaduna, tafiyar da ba ta wuce ta 'yan sa'o'i a mota ba, aka rubuta babban kaso na tarihin jiragen sama na ƙasar.

Sunayen da suka cancanci a sani

Wannan tarihi yana da mutanensa, kuma sun fito ne daga kowane sashe na ƙasa.

Akwai Kanar Shittu Alao, wanda ya shugabanci rundunar sojin sama lokacin yaƙin basasa, ya kuma rasu a hatsarin jirgi a 1969. Akwai Usman Jibrin, matuƙin jirgin soja da ya zama gwamna a Kaduna a 1975. Akwai Ibrahim Alfa, wanda ya jagoranci rundunar daga 1984 zuwa 1990.

A ɓangaren mata, Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, a Zariya ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin a 2011. Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf a jihar Kaduna, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a ƙasar.

Sai kuma Tolulope Arotile, wadda aka haifa a Kaduna a 1995, ta yi firamare da sakandare a makarantun sojin sama na garin. A 2019 ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Najeriya. Ta rasu a watan Yulin 2020, tana da shekara 24, bayan da mota ta buge ta a cikin sansanin na Kaduna.

Attajirai ma sun taka tasu rawar. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980, kamfanin da ya yi jigilar ɗimbin alhazai. Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa a Kaduna a shekarun 1990, wanda ya yi tashe kafin ya daina aiki a 2012.

Yabon gwani ya zama dole, in ji Bahaushe. To amma ɗalibai nawa ne a makarantun sakandaren Tudun Wada ko Rigasa za su iya kawo ko da sunaye biyu daga cikin waɗannan?

Gulma da Tsegumi

Kaduna ba ta tsaya ga tuƙi kaɗai ba, ta taɓa ƙira.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa shekarun 1990, kamfanin AIEP da ke garin ya harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi kimanin 60 da aka raɗa wa suna Air Beetle, bisa samfurin wani jirgi ɗan Amurka. Da su aka horas da matuƙan soja na tsawon shekaru.

A watan Disamban 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a Kaduna. Ranar 15 ga watan Fabrairun 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani, Tsaigumi, wanda injiniyoyin rundunar suka ƙera tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal.

Sunayen biyu na Hausa ne, kuma sun dace da aikin leƙen asiri da aka ƙera jiragen dominsa.

Makarantar fasaha ta sojin sama, AFIT, wadda ta samo asali daga wata makarantar koyar da gyaran jirage da aka kafa a 1977, yanzu tana ɗaukar ɗalibai farar hula su yi digiri a fannonin injiniya.

Duk waɗannan suna cikin gari ɗaya da yaron Kinkinau. Katanga da shingen soja ne kawai tsakaninsu, kuma bisa dalilai na tsaro da kowa ya fahimta, ba a shiga sai da izini.

A tafa, a watse

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne na matasa masu basira.

A 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda yana ɗan shekara 24 ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa. Jirgin bai tashi sama da kimanin ƙafa bakwai ba, amma labarinsa ya zaga duniya.

Tun daga lokacin, ba a cika daɗewa ba tare da an ji wani matashi a Kano ko Katsina ko Kaduna ya ƙera wani abu mai tashi ba. Abin da kan biyo baya kusan iri ɗaya ne: a ɗauki hoto, a kai shi gaban wani babba, a yi alkawari, a watse.

Ba wai babu tsare-tsare ba ne. Akwai ƙungiyoyin JETS na ɗalibai masu sha'awar kimiyya a makarantu, akwai kuma gasannin da gwamnatoci ke shiryawa. Jihar Kano ta nuna tun 1977, da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, cewa idan aka zaɓo yara masu ƙwazo aka kula da su, ana samun likitoci da injiniyoyi.

Matsalar ita ce kyautar rana ɗaya ba ta da inda take zama. Takardar yabo kan ƙare a bangon falo, abin da yaron ya ƙera kuma ya yi tsatsa a bayan ɗaki.

Ga shi kuma makarantun kimiyya na cikin waɗanda rashin tsaro ya fi taɓawa. Kwana huɗu kacal bayan ƙaddamar da Tsaigumi aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta Dapchi a jihar Yobe. A Disamban 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, sannan a Fabrairun 2021 aka afka wa ta Kagara a jihar Neja.

Iyayen da suka ga wannan suna buƙatar dalili mai ƙarfi kafin su ci gaba da tura 'ya'yansu, kuma ganin inda karatun ke kai mutum yana cikin dalilan.

Abin da wasu suka yi

A birnin Washington na Amurka, gidan adana tarihin jiragen sama na Smithsonian, wanda aka buɗe gininsa a 1976, yana ajiye da jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da shi a 1903. Shiga kyauta ne, kuma 'yan makaranta na cikin manyan baƙinsa.

Afirka ta Kudu tana da nata a Swartkop, kusa da Pretoria. A Najeriya ma, gidan tarihin yaƙi na Umuahia, da aka kafa a 1985, yana nuna jiragen da ɓangarorin biyu suka yi amfani da su a yaƙin basasa.

A ƙasashe da dama, a irin waɗannan gidaje ake shirya bikin karrama tsofaffin matuƙa da injiniyoyi, a kuma miƙa wa ɗalibai kyaututtuka a zama guda. Hikimar a fili take: yaro ya karɓi kyautarsa daga hannun wanda ya riga shi bin hanyar, a ƙarƙashin fiffiken jirgin da mutumin ya tuƙa. Gani ya kori ji.

Kaduna na da wuraren da za a iya somawa da su. Akwai gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, aka kuma fi saninsa da kayan tarihin Nok da sana'o'in gargajiya. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya ƙware wajen adana takardu.

Ko lokacinsa ne?

Tabbas akwai masu cewa wannan ba shi ne abin da ya fi damun jama'a ba. A ƙasar da asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, kuma azuzuwa da dama ba su da rufi balle ɗakin gwaje-gwaje, ana iya kallon gidan tarihi a matsayin ado.

Akwai kuma fargabar a kashe maƙudan kuɗi a kan gini, a yanke kyalle, sannan a bar wa gizo-gizo.

Waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da tushe. Sai dai abin da ake buƙata bai kai girman na Washington ba. Zaure guda a gidan tarihin da ake da shi, da tsohon jirgi ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda aka daina amfani da su, da hotuna, da bayani cikin Hausa da Turanci, sun isa a fara.

Muhimmin abu shi ne karramawar ta zo da hanya. Koyon tuƙin jirgi na cin miliyoyin naira, abin da ya fi ƙarfin ɗan talaka. Idan kyautar ɗalibi ta zama gurbin karatu a AFIT ko Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, to ta zama jari. Ya kamata kuma a tuna da masu walda da maƙeran kasuwar Panteka, waɗanda a hannunsu yara da yawa ke fara sanin ƙarfe.

Haka nan tilas ne irin wannan wuri ya faɗi gaskiya, mai daɗi da maras daɗi. Hatsarin jirgin alhazai a Kano a watan Janairun 1973, wanda ya halaka mutum 176, yana cikin tarihin. Rushewar kamfanin Nigeria Airways a 2003, bayan shekara 45, yana ciki. Haka ma harin jirgi maras matuƙi da sojin ƙasa suka amsa cewa sun kai bisa kuskure kan masu Maulidi a Tudun Biri a Disamban 2023, inda hukumomi suka ce aƙalla mutum 85 sun rasu. Injiniyan gobe na buƙatar sanin nauyin abin da yake ƙerawa.

Lokaci dai ba ya jira. Samarin da suka shiga aikin jirgi a shekarun 1960, waɗanda ke raye a cikinsu sun doshi shekara 80 ko sun haura. Duk wanda ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da wani babi na tarihin da babu kundin gwamnatin da zai dawo da shi.

Su kuwa yaran Kinkinau, gobe ma za su ɗaga kai idan jirgi ya wuce. Ya rage ga hukumomin jiha da na tarayya da rundunar sojin sama su nuna musu ƙofar da ake bi a kai ga inda yake tasowa.