Ruwa Da Sanfefa Ke Fito Da Ƙyallin Keke

A wannan mako za mu duba wani aiki ne wanda mutane da yawa kan tsallake idan sun tashi sabunta fentin kekensu, watau gugar fenti da sanfefa da ruwa bayan an gama feshi.

Keke ba abin rainawa ba ne a ƙasar nan. Shi ne dokin manomi zuwa gona, shi ne na ɗan makaranta da na mai kai kaya kasuwar ƙauye. Duk wanda ya gaji Raleigh daga mahaifinsa, ko ya sayi Phoenix na hannu, ya san ƙarfen firam yakan shekara da shekaru muddin tsatsa ba ta sami ƙofa ba, kuma fenti shi ne rigar da ke tsare shi. Tun da Edward Seymour ya fito da fentin feshi na gwangwani a Amurka cikin 1949, wannan aiki ya sauƙaƙa har mutum yana iya yin sa a tsakar gidansa. Amma sau da yawa sai mutum ya zuba kuɗinsa ya sayi gwangwani uku ko huɗu, ya fesa, gari ya waye ya tarar jikin keken ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, wani wurin fenti ya zubo kamar hawaye, wani wurin kuma ƙurar hunturu ta manne. Daga nan sai ya ɗora wa fentin laifi, ya sayo wani ya ƙara, alhali kuwa ƙari ba shi ne magani ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙyalli ba a cikin gwangwani yake ba, a lafewar fenti yake. Ruwan tafki in yana kwance mutum zai ga fuskarsa a ciki, amma da zarar iska ta kaɗa shi sai fuskar ta wargaje. Haka fenti yake. Daga gwangwani ɗigo-ɗigo yake fitowa, kuma in an riƙe gwangwanin da nisa, ko ana tsananin zafi, ɗigon yakan soma bushewa tun bai sauka ba, ya kasa narkewa da 'yan uwansa, sai a sami tudu da kwari. Sabon fenti tudun zai bi ya hau, kwarin ya bi ya sauka. Saboda haka babu wata hanya sai a rage tudun har ya yi daidai da kwarin.

To, me ya kawo ruwa cikin maganar? Sanfefa busasshiya takan toshe da garin fenti nan da nan, garin ya dunƙule ya riƙa karce wurin da ake son gyarawa. Ruwa yana wanke garin, yana sanyaya fentin, kazalika yana hana ƙura tashi ta shiga huhu. Kamfanin 3M na Amurka ne ya soma sayar da sanfefar da ba ta jin ruwa cikin 1921, masu fentin mota kuma suka karɓe ta hannu bibbiyu. Ita ce baƙa-baƙan nan mai lamba a bayanta, ba irin ta kafinta ba wadda ke ruɓewa da ta jiƙe. Gwargwadon girman lamba gwargwadon laushinta. Mai lamba 400 zuwa 600 ta dace da fentin shimfiɗa na farko, mai 800 zuwa 1000 ta dace da rage hawaye da ƙura a jikin fentin launi, mai 1500 zuwa 2000 kuwa ita ce ta gugar ƙarshe.

Sharaɗi na farko shi ne haƙuri. Fentin gwangwani yakan bushe a sama cikin ɗan lokaci, amma cikinsa yana nan ɗanye har kwanaki, wani ma sai ya wuce mako. A nemi wani wuri ɓoyayye a ƙarƙashin firam a danna farce. In farcen ya bar shaida, lokaci bai yi ba, domin fenti ɗanye ba ya guguwa, sai dai ya naɗe ya yage. Kafin a taɓa ruwa kuma a toshe ramukan firam, musamman inda sirdi ke shiga da inda feda ke juyawa, don kada ruwa ya kwanta cikin bututu tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki.

Bayan haka a jiƙa sanfefa cikin ruwa mai tsabta da aka ɗiga wa ɗan sabulu, kamar minti 10 zuwa 15. A naɗa ta a kan ɗan soso mai laushi, domin yatsa tsirara yakan bar kwari. A riƙa guga a hankali ba tare da dannawa ba, ana zagaya bututun, ana tsoma sanfefar a ruwa a kai a kai. In an ji wani ɗan ƙaiƙayi a ƙarƙashin hannu, to tsakuwa ce ta shiga, a tsaya a wanke. Jefi-jefi a share wurin da tsumma a duba. Inda sanfefa ta taɓa zai dushe, inda ba ta kai ba zai rage yana ɗan walƙiya. Da zarar wurin ya dushe bai ɗaya, aikin wannan lamba ya ƙare, sai a koma ga wadda ta fi ta laushi.

A nan ne ake yawan yin asara. Duk fentin da ke jikin keke ba kasafai kaurinsa ke wuce na takarda ɗaya ko biyu ba, kuma ya fi siranta a gefuna da wuraren da bututu ya haɗu da bututu. Guga biyu ko uku ta isa ta fito da ƙarfe a irin waɗannan wurare, garin neman gira a rasa ido. Gara a liƙa musu tef, a bar su yadda suke. Shi kansa ruwan da ke zuba yana ba da labari. In an rufe keken da fentin nan marar launi da ake fesawa daga ƙarshe, ruwan gugar fari zai fito kamar tsinkakken nono. Da an ga ya ɗauki launin keken, an huda rufin ke nan, lalle a dakata a sake fesa shi. Fenti mai ƙyalƙyalin azurfa kuwa ba a gugar launinsa kai tsaye, domin zai yi dabbare-dabbare, sai an rufe shi tukuna a goge rufin.

Kada mai keke ya firgita in ya ga kekensa ya dushe bayan wannan wahala. Saura mataki guda. A wanke firam, a bar shi ya bushe sarai, sa'an nan a sami man gugar fenti irin na masu fentin mota a shafa da tsumma mai laushi, a yi ta murzawa kaɗan-kaɗan. Wannan man shi ke share ƙananan zanen da sanfefa ta bari, a nan ne kuma ƙyalli zai bayyana. Man kakin da ake shafawa don tsare fenti kuwa a jinkirta shi kamar wata guda, har fentin ya gama ƙarfi.

Ga masu kai kekensu wurin mai fenti, shawararmu ita ce kada ku matsa masa da cewa yau za ku kawo gobe ku karɓa. Wanda ya amsa muku haka feshi kawai zai yi, ba zai goge ba, in kuma ya goge to ɗanye ya goge. Ku ba shi kwanakinsa, in kun zo karɓa ku fito da keken rana, ku shafa bututun da bayan yatsa, ku duba gefuna ko ƙarfe ya leƙo. Kuɗin sanfefa bai kai na gwangwani ɗaya ba, amma ita ke raba aikin da mai shi zai yi alfahari da shi da wanda za a sake kankarewa.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.