Ramin Mandi da Cinyar Ragon Layya

Duk wanda ya taɓa sauke farali, ko ya je saro kaya Deira a Dubai, da wuya a ce bai tanƙwashe ƙafa a ƙasa ya ci mandi ba. Faranti ɗaya, mutum biyar, doguwar shinkafa, nama kuwa ko tsoho marar haƙori ya ci ya ƙoshi. Tun ranar da na ɗanɗana shi a Jidda na ƙudurta sai na dafa shi a gidana nan Totsi.

Asalinsa abincin mutanen Hadramaut ne a ƙasar Yaman, fatake irinmu, waɗanda suka bazu har Mombasa da Zanzibar da Indunusiya, ba su kuwa bar girkinsu a baya ba. An ce sunan daga kalmar Larabci "nada" ya fito, wato raɓa, don naman ba ya bushewa. Rami suke haƙawa su shafe shi da yumɓu, su ƙona itace har ya zama garwashi. A ɗora tukunyar shinkafa a ƙasa, a jera nama a kan raga daga sama, bayan an shafe shi da kurkum, masoro, kanumfari da kirfa. Sai a rufe ruf a liƙe da laka. Kitse yana ɗiga cikin shinkafa, hayaƙi yana ratsa duka biyun, awa uku zuwa huɗu.

Babbar Sallar 2024 ta zo mana cikin damina. Na ware cinya da haƙarƙari, na gayyaci abokan kasuwa shida. Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, ƙasar nan fa jiƙe take." Na ce mata girkin maza ne. Rairayin Lome ya tsotse zafin garwashin, ni kuma zumuɗi ya sa na buɗe ramin sau uku ina leƙe. Da La'asar nama na jini, shinkafa tsatsa. Ba don Hajiya ta riga ta yi tuwo da miyar kuka a ɓoye ba, da baƙina sun tafi da yunwa. Har yau in na wuce rumfarsu sai wani ya ce, "Balarabe, ina mandi?"

A Sallar da ta biyo na nemi rabin duro, na kewaye shi da bulo a kan siminti, na ƙona itace sosai. Na rufe da murfi da jiƙaƙƙen buhu, sannan na bar gidan gaba ɗaya don kada shaiɗan ya zuga ni. Awa huɗu cur. Da aka buɗe, maƙwabcina Ewe ya biyo ƙanshi har zaure.

Kada ku manta da 'yan rakiya, don mandi shi kaɗai yana gundura. Akwai sahawik: ɗanyen tumatir, attaruhu, tafarnuwa, gishiri da lemun tsami, a markaɗa ba a dafa ba. Akwai marak, romon ƙashi da ake kurɓa kafin a sa hannu. Sai kindirmo da gurji, a rufe da shayin Adan mai madara da kanumfari.

Muna cikin ci autana ya ce, "Baba, mu wane abinci muka zo da shi daga Katsina?" Loma ta tsaya mini. Yaron ya san akume da fetri, yanzu ya san mandi, amma bai taɓa ganin an daka dambun nama a gidanmu ba. Na yi masa alkawari layya mai zuwa shi zai riƙe taɓarya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.