RA'AYI: Wanda Ke Karɓar Haya Shi Ke Da Alhakin Ruwa Da Makewayi

Sanin kowa ne cewa benayen kasuwanci sun yawaita a manyan garuruwan Arewa. Daga Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano har zuwa Titin Ahmadu Bello a Kaduna, inda dā gida ɗaya yake, yau sai a tarar da bene mai hawa uku ko huɗu, cike da kantuna da ofisoshi. Jama'a suna wuni a ciki, nan suke cin abinci, nan suke alwala, nan suke kama ruwa. Amma da wuya a sami wanda ya tambayi abin da aka tanada a irin waɗannan gine-gine saboda ranar da annoba za ta ɓarke.

Ita kuwa annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1996 sanƙarau ya hallaka mutane fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. A 2021 kwalara, watau amai da gudawa, ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da suka fi shan wuya. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda cutar korona, kasuwanni suka yi makonni a rufe, ga azumi ya kama. Duk lokacin da haka ta faru, sai a ga an jera bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Da zarar abin ya lafa, bokitin ya ɓace.

Babbar matsalar ita ce ruwa da makewayi. Kwalara tana yaɗuwa ne idan bayan gidan mai cutar ya gurɓata ruwan sha ko abinci, tana kuma iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jikinsa. To, a benaye da yawa an haƙa rijiyar burtsatse dab da ramin masai, alhali ma'aikatan lafiya suna shawartar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu. Tankin da ke kan rufi sai ya shekara ba a wanke shi ba. Abin takaici ma, wani mai gidan yakan mai da makewayin da aka zana a taswirar gini ya zama shago, don kwaɗayin ƙarin kuɗin haya. Sai a bar 'yan haya da masu sayayya su nemi kwata ko lungu, kusa da inda mai tuwo ta kafa tukunyarta. Haka kuma akan toshe tagogi da kanta da dilar kaya, mutane su cunkushe babu iska, alhali a lokacin zafi irin wannan cunkoso shi ne abokin sanƙarau. Ɗakunan ajiyar kayan abinci kuwa sun zama gidan ɓera, wanda fitsarinsa da kashinsa ke kawo zazzaɓin Lassa.

Idan aka tuntuɓi mai gida, sai ya ce tsabta ta 'yan haya ce. Su kuma 'yan haya su ce ai sun biya kuɗin shekara. Gaskiyar magana, ɗan haya yana iya share gaban shagonsa, amma ba shi da ikon sāke wa masai wuri, ko fasa bango ya fitar da taga. Wannan aikin mai gini ne, kuma wanda ke karɓar haya ba zai ce babu ruwansa ba. Ya kamata takardar yarjejeniyar haya ta fayyace wanda zai wanke tanki, da wanda zai sa a kwashe masai da shara, da kuma lokacin yin haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan haya su ma da nasu. Yaron shago da ake sallama kullum da yamma ba zai faɗi cewa ba shi da lafiya ba, muddin ya san ranar da bai zo ba babu abin cefane. Haka zai daure ya zo, ya shafa wa layi guda. Ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwa su amince cewa wanda amai da gudawa ko zazzaɓi mai zafi ya kama a kai shi asibiti nan take, a kuma ci gaba da ba shi sallamarsa. Kowane bene ya kamata ya ajiye ƙunshin gishiri da sukari, ya kuma naɗa mutum ɗaya da zai kai rahoto ga jami'in lafiya na ƙaramar hukuma.

Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa, mai gida yana rawar jiki. Har yau akwai jami'an tsabtar muhalli a ƙananan hukumomi, sai dai an bar su babu abin hawa, babu goyon baya idan suka ci karo da mai ƙumbar susa. Tilas ne gwamnatocin jihohi su ba su kayan aiki, hukumomin tsara birane kuma su koma su gwada kowane bene da taswirar da suka sa wa hannu. Duk inda aka tarar makewayi ya zama shago, a ba mai ginin wa'adi ya mai da shi yadda yake kafin damina ta sauka, in ya ƙi a gurfanar da shi gaban kotu.